Hoton Malam Zulkiflu Ba Hula

Ƙanena Muntasir tun yana yaro ba ya gajiya da kallon fuskar mutane, har sai an daka masa tsawa. A Limancin Kona aka haife mu, gidan malamai, amma da ya gama karatu sai ya wuce Legas. Ya dawo da kyamara rataye a wuya da wata sana'a da ban taɓa ji ba: wai ɗaukar hoton mutanen da bai sani ba, a kan titi, yadda ya tarar da su.

Na ce masa, "Kai, a birnin Zazzau wa ne ne ba ka sani ba? Wanda ba ka sani ba ai ya san ubanka."

Haka kuwa aka yi. In ya hango dattijo dole ya rusuna. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, ɗan gidan wa ne ne? Kafin a gama mutumin ya gyara hula, ya kakkaɓe riga, ya ƙame kamar turmi. Wani ma sai ya ce a jira shi ya shiga gida ya sako babbar riga. Kullum Muntasir yana dawowa yana huci. "Yaya, gaisuwar nan ce take kashe mini aiki." Ni kuma in ce masa ya rufe mini baki.

Ashe abin yana ransa! Wata rana da hantsi a Ƙofar Gayan ya ga wani tsoho mai ɗinkin hannu zaune a bakin zaure, daga shi sai singileti, kai ba hula, ya ɗaga allura sama yana fama da zare, yana yi wa kansa dariya. Muntasir bai yi sallama ba. Ya ɗauka, ya wuce abinsa, ya sa a intanet. Wallahi ni da ba na yabonsa, da na ga hoton sai da na jinjina masa. Kana kallo kamar ka ji sautin dariyar. Har wasu masu baje kolin hotuna a Abuja suka kira shi suna so ya kawo musu.

To, a lokacin manyanmu sun riga sun je Tukur-Tukur neman masa auren Tayyiba, yarinyar da ya daɗe yana so, ana cikin bincike. Tsohon nan kuwa Malam Zulkiflu ne, yayan mahaifinta, kuma shi ne waliyyinta. Jikokinsa suka nuna masa kansa a waya. Saƙo ya iso gidanmu a taƙaice: yaron da zai wuce dattijo ba gaisuwa, ya kuma nuna shi ga duniya ba hula, ba za a ba shi 'ya ba.

Haushi ya rufe ni, na rasa wanda zan fara da shi. Na fara da nawa. "Kai da ka yi sallama bakinka zai tsage ne?"

Baffanmu Nasiru ne ya tisa ƙeyarsa zuwa ban haƙuri, shi ya ba ni labarin yadda aka yi. Muntasir ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Malam Zulkiflu ya dube shi ya ce, "Yaro, rayuwata duka ina ɗinka wa mutane rigar fita kunya, kai kuma ka fitar da ni a singileti." Sharaɗinsa ɗaya ne: a goge hoton ko'ina yake, a gabansa.

Muntasir ya ce, "Baba, a bar mini ko guda ɗaya in ajiye, ba wanda zai gani."

"Ni zan san yana nan."

Ya goge a intanet, ya goge a kyamara, ya buɗe kwamfuta ya goge. Nan take Malam ya sa albarka, aka tsayar da ranar ɗaurin aure.

Da ya dawo ɗakina ya shigo ya zauna a ƙasa. Na yi niyyar in ƙara masa faɗa, na kasa, don tausayi ya ba ni. Muna zaune mutanen Abuja suka sake kira. Na ji ya ce musu babu hoton. Suka ce to ya turo wani irinsa.

Ya ce, "Ba ni da wani irinsa."