Mijinta Ba Ya Karatu a Zuci

Mai ɗinkin da ke gidan ƙarshen layi ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta san labarin yaƙe-yaƙe da na taurari, ta kuma san dalilin da ya sa hawan jini ke kama mutum. Ba wani sirri ba ne. Allah ne ya haɗa ta da miji mai gyaran agogo wanda bai iya karatu a zuci ba.

A zamaninsu haka aka koya musu, malami ya faɗa, aji ya amsa da ƙarfi. Shi kuwa bai sauke muryar ba har ya yi furfura. Jarida, littafin aro, kai ko takardar cikin kwalin magani ya samu, sai unguwa ta ji. In sarki ke magana a littafi ya kumbura murya, in mace ce ya matse ta har abin ya ba mutum haushi.

Teburinsa na cikin shago, kekenta na bayan labule. Ita dai kullum cikin mita take.

"Malam, ka cika mana kunne! Sai ka ce mai tallan magani."

Amma da labari ya ɗau zafi, ƙafarta kan tsaya a kan keken, ta yi kamar zare ne ya tsinke. A haka ta yi karatunta kaf da kunne, girman kai kuma bai bar ta ta faɗa wa kowa ba.

Sai autarsu, malamar makaranta, ta dawo gida hutu. Ta ji mitar uwarta, ta ɗauka da gaske ne.

"Baba, yanzu ba a karatu haka. Ido ke yi, baki na rufe. Ka tausaya wa Mama mana."

Ta tasa uban a gaba kamar ɗan aji ɗaya. Da ya motsa leɓe sai ta ɗaga yatsa. Uwar na ji tana gani, ba halin ta hana, don da bakinta ta jawo. Abin haushi, a lokacin suna tsakiyar wani littafi ne, labarin wata mata da ta hau jirgin ruwa neman ɗanta, an baro ta igiyar ruwa na jifa da ita.

Tsoho ya koya kuwa. Auta ta koma bakin aiki tana murna, gida ya yi tsit. Ba ka jin komai sai ƙyas-ƙyas ɗin agogo da ƙarar juya shafi. Duk shafin da ya juya, sai mai ɗinki ta ji kamar an rufe mata ƙofa. Ta ɗinke wa wata hannun riga a baibai, ta yi wa mai kawo ruwa faɗan da bai san dalilinsa ba. Kewa ce ke cin ta, ga mijin kuma a zaune taku kaɗan daga ita.

Ran nan da hantsi ta kasa daurewa. Ta yaye labule, almakashi a hannu.

"Malam, matar nan ta cikin jirgi, ta ga yaron kuwa?"

Ya sauke tabarau ya dube ta. "Wace mata?"

"Kada ka raina mini hankali. Ta littafin hannunka."

"Au! Ashe ana ji? Ba ke kika ce na cika miki kunne ba?"

"Kunnena ne ko naka? Ta gan shi ko ba ta gan shi ba?"

Ya shafa bangon littafin, sannan ya ce a hankali, "Wallahi, maman yara, ban sani ba. Tun da na rufe baki idona kawai ke tafiya. Saura kaɗan in gama, amma ko kalma ba ta zauna mini ba. Kunyar yarinyar nan ce ta hana ni faɗa."

Ta so ta yi dariya, sai ta ji idonta ya ciko. Ta jawo kujerar masu kawo gyara ta ajiye dab da shi, inda ba ta taɓa zama ba.

"To koma baya," in ji ta. "Tun daga inda ruwa ya fara shiga jirgin. Can ka bar mu ni da ita."