Ƙanena Mai Yankan Makulli

Ranar da na daina yi wa ƙanena magana, a bakin rumfarsa ne, a gaban mutane. Na same shi duƙe kan injinsa, makullai jere a faranti, kowanne da 'yar takarda ɗaure a wuya. Gwamnati ce ta sa doka kowane gida ya kai makullin ƙofarsa ɗaya ofishin unguwa, wai don tsaron lafiyarmu, shi kuma aka ba shi aikin yankawa. Na je ne in gaya masa ni ba zan ba da nawa ba. Ko kai bai ɗago ba, ya ce ai ba sai na bayar ba, shi ya sa min kubar ƙofar, haƙoranta suna kansa, tun jiya ya yanka ya kai.

Na ce, "Cikinmu ɗaya, ka miƙa musu ƙofata ko sallama babu?"

Ya ce, "Yaya, wanda ba ya ɓoye laifi me zai ji wa tsoro?"

Na ce masa ni ma ba laifi nake aikatawa a banɗaki ba, amma ina rufewa. Na sa ƙafa na kifar da farantin, na bar shi yana tsince-tsince a ƙasa.

Haka yake tun yana ƙarami. Yana ɗan shekara bakwai ya buɗe akwatin mahaifiyarmu da waya. Bai ɗauki komai ba, shi dai a ce ya iya. Ya bar shi a buɗe, ɓeraye suka cinye mata zannuwa biyu, ni babba na sha dukan. Abin da zai shiga bayan ya buɗe, wannan bai taɓa zama damuwarsa ba. Hannu kam Allah ya ba shi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kallo ɗaya yake yi wa makulli ya riƙe shi shekara goma. Matarsa ta rasu da wuri, ta bar masa 'ya ɗaya. Ni na yaye ta, shi ya raine ta a ƙarƙashin teburin rumfar, cikin garin ƙarfe, har ta girma ta zama nas.

Bayan makulli sai aka hana zaman mutum fiye da huɗu a benci ɗaya. A rumfarsa in na biyar ya zo, sai wani ya miƙe ya yi kamar yana jiran mota. Sai aka ce baƙo ba zai kwana ba sai an rubuta shi. Sai duba waya a kowace kwanar titi. Ni kam da tsakar rana jami'an tsaro suka buɗe min ƙofa, ina ɗaure da zani a ƙirji. Suka ɗaga katifa, suka zazzage kwabet, ɗaya har ya buɗe tukunya ya ce gishirina ya yi kaɗan. Da labari ya kai wa ƙanena, sai ya aiko min da haƙuri, wai abin na ɗan lokaci ne.

Shekara ba ta cika ba suka zo kansa. 'Yar tasa ta ɗinke wa wani mutum kai, wanda aka fasa wa a shingen bincike, ba ta kai rahoto ba. Da makullin da ubanta ya yanka suka shiga. Da suka fita da ita har kulle ƙofar suka yi. Ya dawo ya tarar da shayinta bai huce ba, da takalmi ƙafa ɗaya. Wata bakwai yana yawo daga wannan ofis zuwa wancan, hula a hannu. A ƙarshe aka miƙo masa kayanta a leda. Ko gawa ba mu gani ba. Na je gaisuwa, na yi kukana da mata, shi ban ce masa uffan ba.

Wata Lahadi da hantsi ina tankaɗe, sai na ga mutum tsaye a kaina. Ƙofar a kulle take, amma ka san ƙanena. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya ce shekarun baya shi ya sa kubobin ma'ajiyar makaman gwamnati da ke bayan tasha, kuma ya yanka wa wasu mutane makullan. Talata da rana za su shiga. To a ƙofar wajen nan autana yake gadi, da sanda da usur, 'ya'yansa huɗu. Ya ce in hana shi zuwa aiki ranar.

Na ajiye rariya na tambaye shi: in yaron ya ƙi zuwa babu dalili, aka kai hari ranar, me gwamnati za ta ce? In ya je, me waɗanda ya yanka wa makullan za su yi masa? Ya ce bai yi tunanin wannan ba. Shekara sittin da ɗoriya, har yanzu akwatin mahaifiyarmu yake buɗewa.

Sai ya hau dogon bayani. An roƙa, an rubuta, an yi shiru, kotun ma an rufe ta, me ya saura in ba bindiga ba? Na ce ban musa ba. A kawo min waɗanda suka ɗauke yarinyar nan, da sauran haƙorana zan gama da su. Amma mai usur a bakin ƙofa ba shi ya ɗauke ta ba. Ya ce babu yaƙin da ba ya taɓa wanda bai ji ba bai gani ba. Na ce wannan maganar ma a bakin na rediyon gwamnati na fara jin ta.

Da ya fita na zauna da abin. In na kai ƙara, na kashe ƙanena, na kuma yi wa makasan 'yar da na yaye aiki. In na gaya wa auta, ba ya iya ƙarya, fuskarsa za ta tona shi. Da la'asar na ɗora ruwa ya tafasa, na kira shi ya riƙe min baho a ƙasa, na juye masa a ƙafa. Ihun da ya yi har yau yana kunnena. Matarsa ta ce tsohuwa ta rikice, a daina barina kusa da wuta. Na ce haka ne, 'yar nan. Asibiti suka ba shi takardar hutun sati uku, da kwanan watan Lahadi a jiki.

Na san wani za a sa a madadinsa. Ban tambayi waye ba. Litinin sai ga maƙwabcinmu, abokin aikinsa, ya zo dubiya, matarsa da tsohon ciki. Yana dariya ya ce Inna kin ja min ƙarin aiki. Na ba shi ruwa ya sha, na bar shi ya tafi. Ran Talata shi suka fara harbewa.

Sun kwashi bindigogin sun shiga daji, har yau ana gwabzawa. Wasu na cewa su ne za su ƙwato mu, mai yiwuwa ne, ni ban sani ba. Abin da na gani da idona, gwamnati ta zo da manyan motoci ta ciccire ƙofofin unguwarmu gaba ɗaya, yanzu labule muke ratayawa. Auta ya yi kwana uku a hannun gwamnati, takardar asibiti ta fitar da shi. Yana ɗingishi, yatsu biyu sun manne, kuma har yau gani yake tsautsayi ne.

Bayan wata biyar ƙanena ya dawo da buhu a kafaɗa kamar mai sayen tsohon ƙarfe. Ya tsaya a bakin labulena, karon farko a rayuwarsa da ya yi min sallama. Ya ce ƙishi yake ji. Ya ce ya ji auta ya tsira, ashe bai yi kuskuren zuwa wajena ba. Ya ce shi dai so yake ya ji daga bakina cewa ba shi da wata hanya.

Na nuna masa gida na uku daga nawa, gidan matar maƙwabcin da aka harbe, inda tsummokin jariri ke shanye a igiya. Na ce, "Ni ba ni da bakin yanke maka hukunci, hannuna ma a ciki yake. Je ka can ka yi mata bayanin da ka yi min. In ta ce an yi daidai, ka dawo in ba ka ruwa."