Gorar da Ke Cikin Firjin Matar Yaya

Da tsakar rana na shiga gidan yayana maƙogwaro a bushe, na buɗe firji ba tambaya, na ci karo da wata gora mai sanyi. Na ɗauka lemo ne. Sai da na kai rabi na ji kamar na lashi gindin kwata, amma da yake na banza ne, na ƙarasa. Ina goge baki matar Yaya ta shigo, ta dubi gorar, ta dube ni, ta jawo kujera ta zauna.

Mai Ludayi ake ce mata, don shekara ashirin da biyu tana dafa wa ma'aikatan kamfanin haƙar ma'adinai abinci. Da kamfanin ya rufe, ya bar musu gado: wani tudun ɓaraguzai mai launin toka a bayan layinsu, wanda ko ƙaya ta ƙi fitowa a kansa. Iska na kaɗawa ƙurar ta sauka a kan shanya da kwanuka, Yaya kuwa ya yi ta tari kamar tsohuwar mota. Hukuma ta ce ko dai a rufe tudun da ciyawa, ko a tashi mutanen layin. A gidan nan Mai Ludayi ta haifi 'ya'yanta biyar, ta ce ba inda za ta.

Da wata malama daga jami'a ta zo neman mai taya ta gwaji, maza suka noƙe, Mai Ludayi ta miƙa hannu. Malamar ta yi mata bayani cewa ƙasar tudun matacciya ce, sai an ba ta taki, sannan a zuba mata wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu taimakon saiwa ta jure guba. Mai Ludayi ta ce ai wannan girki ne. Ta bi gida-gida tana karɓar ɓawon albasa da kashin kaji, ta je wurin kafinta ta kwaso garin katako, tana haɗawa tana juyawa tana shinshinawa. Ƙwayoyin kuwa ba sa son zafi, shi ya sa suke kwana cikin goruna a firjinta, kusa da tumatir.

Gorar da na shanye ita ce ta ƙarshe. Saura mako shida mai dubawa daga hukuma ya zo, malama kuma ta yi tafiya. Aka same ta a waya, ni ina riƙe da ciki ina jiran hukunci. Ta ce ba zan mutu ba. Mai Ludayi ta ce ba wannan ta kira ta tambaya ba.

Malamar ta ce dama asalin ƙwayoyin daga saiwar 'yan ciyayin da suka yi taurin kai a gefen tudun aka samo su. Sai Mai Ludayi ta ɗauki wuƙar girki ta tono su da ƙasarsu, ta jiƙa a bokitai da ɗan sukari, ta rufe da tsohon zane. Ɗaukar bokitan zuwa saman tudu kuwa ta ce aikin wanda ya sha ne. Kwana goma sha biyu ina hawa ina sauka, maƙwabta na kirana Taki.

A mako na huɗu kore ya fara leƙowa, siriri kamar gemun saurayi. A na shida mai dubawa ya zo, ya tsuguna, ya ja ciyawar ta ƙi tugewa, ya sa hannu a takarda ya ce layin ya zauna.

A hanyar saukowa na cire hula ina fifita, na ce wa Mai Ludayi ai da ni aka yi, ya kamata a sa sunana a allon aikin.

Ta dubi tsakiyar kaina ta ce, "Mijina, tudun da ya shekara talatin a mace, cokali-cokali na ba shi, ga shi ya tsiro. Kai ka shanye gora guda, har yau ko sili ɗaya bai fito a sanƙon nan ba."