Na Ƙara wa Kwamfuta Gudu, Na Sha Naushi

Jama'a, yau na ci duka a cikin shagona!

Malam Habu, mai buga wa mutane takardu a Limawa, ya kawo min tsohuwar kwamfutarsa, wai ta cika nawa. Na auna da agogon waya, sai da ta yi minti huɗu kafin ta buɗe. Na sa mata furosesa mai ƙarfi, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na sake aunawa. Daƙiƙa hamsin!

Da ya dawo na kunna masa ina murna. Kawai sai ya shaƙe min wuya!

"Ɓarawo! Wannan ba tawa ba ce! Tawa sai na sha shayi take buɗewa!"

Na ce, "Malam, tsaya ka duba..."

Naushi a baki! Na faɗa kan tebur, jini har rigata. Maƙwabta suka rirriƙe shi yana ihu, "Takardun filayen mutane na ciki!"

Da ƙyar na buɗe masa su. Ga su nan, ko ɗaya bai ɓata ba.

Sai ya cire hularsa ya miƙo min, "Ungo, danne bakin, mu tafi asibiti."