Sanata da Takardar Mayanka

Shekara talatin da huɗu Verlin Sedlacek ya yi yana sayar da maruƙansa a watan Oktoba, da zarar an yaye su. A loda su a tirela, a kai su kara, mai gwanjo ya yi ta zuba surutu, a buga guduma, shi ke nan. Wanda ya turke su bayan nan da wanda ya ci namansu, Verlin bai taɓa tambaya ba. Haka kowa ya tarar ana yi a tuddan yashin Nebraska.

An san shi da ido. In ya jingina da shinge ya ture hularsa baya yana duban dabba, sai kowa ya jira hukuncinsa. Da wannan idon ya zaɓo baƙin bijiminsa, wanda ya raɗa wa suna Sanata saboda faɗin ƙirji da tafiyar ƙasaita. 'Ya'yan Sanata kan fito da tsayi da nauyi da sheƙi, shekara huɗu a jere su ne kan gaba a farashi. Akwai kuma wani gajeren bijimi mai karkataccen kunne da ya saya da arha don kada wasu shanun su wuce shekara ba ciki. Wannan da lambar kunnensa ake kiransa, Arba'in da Bakwai.

Bayan rasuwar matarsa, 'yarsa Arlis ta bar aikinta a birni ta dawo gona. Ita ta kawo maganar.

"Baba, bana kada mu sayar. Mu kai su gidan turka a Kansas da sunanmu, mu biya abincinsu har a yanka. Mayanka za ta biya mu gwargwadon kyan naman, ta aiko da bayanin kowane ɗaya."

"Bayanin me? Ni da na karɓi haihuwarsu cikin ƙanƙara, wani mai farar riga ne zai gaya mini su waye?"

"Kai bayan fata ka sani, shi cikinta zai gani. Ko tsoro kake ji?"

Verlin ya ce shi bai taɓa jin tsoron takarda ba. Da wannan maganar maruƙa tamanin suka tafi Kansas.

Wata bakwai yana biyan kuɗin masarar dabbobin da ba ya gani. A gidan shan kofi na kara, maƙwabcinsa Orrin Vlasak ya samu abin yi. "Ina labarin 'yan makaranta? Sun rubuto wasiƙa kuwa?"

Takardar ta iso a watan Mayu, shafi uku. Kowane layi da lambar kunne, da nauyin nama bayan fiɗa, da kaurin kitsen baya, da yawan kitsen da ya ratsa cikin tsoka, wanda shi mayanka ke ƙara wa kuɗi. Arlis ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin 'ya'yan Sanata. Ƙashi gare su da girma, amma tsokar ba ta da ratsin kitse, kusan duka an rage musu farashi. 'Ya'yan Arba'in da Bakwai kuwa, waɗanda Verlin kan tura bayan garke in baƙi sun zo, su suka ɗauki nauyin tafiyar har aka fita da 'yar riba.

Verlin ya karanta sau biyu. Ya ce an musanya lambobi. Arlis ta tuna masa cewa shi ya maƙala su da hannunsa, kuma bai yarda kowa ya taya shi ba. Ya sa hula ya fita gyaran shingen da bai lalace ba.

Ba a yi sati ba Orrin ya zo da akori-kurarsa tana jan tirela. Ya daɗe yana maitar Sanata.

"Na ji an ce za ka rabu da shi. Faɗi kuɗinka, tsoho."

Kuɗin da Orrin ya taya ya isa sayen bijimai biyu. Verlin ya shiga gida ya fito da takardar ya miƙa masa.

"Karanta tukuna. Kyau ne kawai da shi. 'Ya'yansa ba su da nama mai daraja."

Orrin ya riƙe ta nesa da fuskarsa, don ya bar tabarau a gida, ya mayar.

"Mutumina, ni a Oktoba nake sayarwa. Sikeli da ido ake biya na. Abin da ke cikin fata matsalar mai saye ce."

Verlin ya san cewa da wannan lissafin shi ma ya gina rumbunsa ya kuma biya wa Arlis makaranta. Suka tafa. Sanata ya hau tirela ba gardama.

Da ya koma, Arlis na kicin tana soya ƙwai.

"Ka gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya ƙara mini dala ɗari saboda gaskiya."

Ta yi dariya, sannan ta kawo dabara. Rabin maruƙan da ke bin iyayensu a makiyaya yanzu na Sanata ne. A kai waɗannan kara, inda za a yi rububinsu, a tura sauran Kansas. Ta kowane gefe an ci.

Dabara ce mai kyau, kuma babu dokar da ta hana. Verlin ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Da ban sani ba, na sayar. Yanzu ba zan iya zama a bencin kara ina ji ana yabon su ba. Kira mutanen Kansas, ki ce su tanadi wurin tamanin."

"Baba, takardar baɗi ma za ta zage ka."

"Ta zaga. Miƙo gishiri."