Nonon Asabe

A Tsibiri an san Asabe da abu biyu: iya kaɗi da rashin sa'ar goyo. Zarenta har masaƙan Maraɗi ke nema. 'Ya'ya kuwa biyu ta haifa ɓul-ɓul, kowanne sai ya fara zama hannu da ƙafa su kumbura, ya yi ta kuka har ya koma. Tsofaffin gida suka ce nononta ne mugu. Aka tatsa a ƙoƙo, aka jefa tururuwa, ta mutu. Ko a ruwan randa aka jefa ta mutuwa za ta yi, amma wa zai gaya wa uwar miji haka?

Na ukun, Hafizu, ya zo a shekarar da malamai suka yi ta yajin aiki, makarantu a rufe. Da yatsunsa suka fara kumbura, aka ce a cire shi daga nono a koma madarar akuya. Asabe ba ta yi musu ba. Ita ma ta yarda ita ke kashe su, abin da ya fi komai ci mata rai ke nan.

Ƙanen mijinta, Mushe Tanimu (haka ake kiran malamin boko), mai koyar da kimiyya a Maraɗi, yajin ya koro shi gida. Ya ga yatsun, ya nace sai da aka kai yaron birni aka gwada jini. Amosanin jini ne.

"In jini ne, mi ya sa yaran suka zo lahiya lau?" in ji Asabe da suka komo.

Tanimu ya ɗauki mazarinta. Ya ce cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai zare siriri mai ɗauke da umarnin da aka gada, a naɗe kamar wannan. Inda naɗin ya yi sako-sako jiki na iya karantawa, inda ya matse ba ya kai gare shi. Jariri yana zuwa da jinin ciki, mai lafiya. Bayan 'yan watanni sai jiki ya matse wannan wurin ya kwance na jinin manya, a can matsalar take, gadon uwa da uba duka.

"Ke da Yaya kuka haɗa hannu, matar Yaya. Nono bai san zancen ba. Masana ma na neman yadda za a sake kwance wurin jinin cikin."

Asabe ta yi kuka sosai, kukan yaran nan biyu da ba ta taɓa ganin tana da bakin yi ba.

Hafizu ya yi ta fama, amma da alluran rigakafi, gidan sauro da yawan shan ruwa ya girma, yau yana ɗinki a Maraɗi. A ranar da suka komo daga birnin dai, uwar miji ta shigo da ƙoƙon madarar akuya. Asabe, wadda ba ta taɓa ɗaga ido gabanta ba, ta jawo ɗanta ta ba shi nono.

"Inna, a aje. Yana da abinci."