Gilashin da Ya Isa Gwaram Lafiya

Mun tashi da asuba daga ƙofar makaranta, muka ɓata lokaci a layin mai, ƙarfe bakwai da kwata kuma, muna dab da Babaldu, na ji wani ɗan sauti "ƙas" daga kwalin da ke kan cinyata. Agogon Malamarmu ta kimiyya na kalla, shi ya sa na riƙe lokacin. Na ƙara rungume kwalin. Ku 'yan ƙungiyar kimiyya da kuka matsa in ba ku labarin tafiyar nan, kun san baki ba ya yi mini, don haka na rubuta.

Ga waɗanda ba su sani ba, siraran sandunan gilashi huɗu ne a kwalin. A wata mujalla ta laburare na karanta cewa a ƙasashen waje an fara jan gilashi ya zama zare kamar gashi, haske ya shiga ta wannan baki, ya bi duk lanƙwasar, ya fita ta wancan, har ana sa ran zai riƙa ɗaukar maganar tarho. Ni da Malama muka gasa gilashi a fitilar gas ta ɗakin gwaje-gwaje, muka ja shi har ya yi kaurin tsinken tsintsiya, muka lanƙwasa. Shi za mu nuna a taron kimiyya na makarantu a Gwaram. Na zaɓi wannan aiki ne don ba ya buƙatar magana: a kunna tocila, kowa ya gani da idonsa. Idan ya karye kuwa, sai dai in tsaya gaban jama'a hannu wofi in yi bayani da baki. Da in yi haka gara in koma gida a ƙafa.

Hanyar ta yi kyau, in ba don zuciyata da ke cikin kwali ba. An gama yankan gero, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran tata ranar. Duwatsun garinmu suka koma baya, garken shanu ya tsare mu a wani wuri, mai kiwon ko a jikinsa. Manyan motoci cike da siminti suna ta wuce mu. Sababbin babura kuwa sun cika titi, kusan kowanne da rediyo rataye a gaba, kamar ba a sayar da ɗaya sai da ɗayan.

A Sara muka tsaya karin kumallo. Ƙosai ya ƙanƙance, na sisi bai cika tafin hannu ba, mai tuyar ta ce tun da kuɗin mai suka shigo ƙasa wake ya daina sanin talaka. Furar wajen dai ban taɓa shan irinta ba, nonon ya yi kauri har ludayi na tsayawa. Nan na koma gefe na buɗe kwalin. Biyu sun karye, daidai kan lanƙwasa. Audugar da na naɗe su tana nan yadda na sa ta, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa.

Kowa ya kawo nasa dalili. Direba ya ce, "Hanya ce, 'yan mata. Ni kaina ɗazu na ji ƙashin bayana ya ce ƙas."

Mai ƙosai ta leƙo. "Kin nuna wa mutane kafin ki taso ko? To baki ne, 'yar nan. Abin kirki a ɓoye ake tafiya da shi."

Malama ta ce wataƙila audugar ce ta yi kaɗan. Na gyaɗa wa kowa kai, amma ban gamsu ba. Ni na yi naɗin nan, ƙwai ma da ya tsira a cikinsa.

Bayan Sara ana aikin kwalta, aka karkatar da mu ta cikin gonaki. A nan na uku ya tafi. Wanda ya rage shi ne mafi muni, a karkace kamar ƙahon rago, wanda da ƙyar na yarda na taho da shi. Na ɗaga kwalin sama da hannu biyu, haka na riƙe shi har muka hango kogi da rufin kwanon Gwaram, kafaɗuna kamar ba nawa ba.

Mutanen Gwaram akwai karamci. Kafin mu sauke kaya an kawo ruwan sanyi, da rana kuma aka yi mana tuwon dawa da miyar kuka da busasshen kifi, wata Inna mai girki tana tsaye a kanmu tana faɗan 'yan boko ba sa cin abinci. Ɗalibai sun zo da abubuwa iri-iri. Akwai masu madatsar ruwa ta laka wadda ta ɓalle tun kafin alƙalai su iso, ta jiƙa takalmin hedimasta.

Da aka zo kanmu, aka rufe tagogin aji da tabarmi da zannuwa. Na soka bakin gilashin a ramin da na huda a kwali, na kunna tocila a ciki. Sai ga ɗigon haske a ɗaya bakin, can bayan lanƙwasa, kamar tauraro a kan tsinke. Wani dattijo mai unguwa ya matso, ya taɓa da ɗan yatsa, ya janye, ya sake taɓawa.

"Ikon Allah! Haske ya sha kwana, kuma babu zafi!"

Shi ya yi mini duk bayanin da nake tsoro. Aka zaɓe mu cikin masu zuwa Kano wata mai zuwa. Na yi murna, sai dai alƙalai sun ce can sai da sanduna da yawa, hanyar Kano kuma ta fi wannan tsawo, ni kuwa ban san abin da ya karya ukun ba, balle abin da ya tsirar da ɗayan.

Da la'asar muka juyo. Ɗaya daga cikin alƙalan, wani injiniya mai furfura daga ma'aikatar waya, ya roƙi mu rage masa hanya zuwa garinmu, Birnin Kudu. Tun daga Gwaram nake shirya tambayata a zuci, in gyara, in rushe. Sauran 'yan matan suna ta waƙa da shan rake. Abin da tafiyar ta koya mini, ina jin, shi ne mutane ba su kai yadda nake tsoronsu ba. Duk wanda na haɗu da shi ranar so yake ya taimaka, ko da bai san amsar ba.

Sai da muka iso tashar garinmu, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, sannan murya ta fito.

"Ranka ya daɗe, me ya sa sandunana uku suka karye a kwali ba a taɓa su ba?"

Ya juyo. "Da kika cire su daga wuta, ina kika ajiye?"

"Gindin randar baranda, kan jiƙaƙƙen yashi, don su yi saurin hucewa."

"Wannan karkataccen fa?"

"Ƙararrawa ce ta kaɗa, na manta shi kan bulon da ke jikin fitilar."

Ya yi dariya har da riƙe ƙofar mota. "'Yata, gindin randa na goro ne da fura. Gilashi in ya sha wuta, bayansa kan riga cikinsa hucewa. Kika gaggauta shi, baya ya sandare, ciki na ta jansa; a ido lafiya lau, alhali a ɗaure yake, girgiza kaɗan yake jira. Su ma masu yin zaren can, yana fitowa daga tanderu sai su bi da shi ta wani wuri mai ɗumi, zafin ya sauka a hankali. Wanda kika manta ɗin nan, shi kaɗai kika yi wa daidai. Na Kano, ki bar su su huce a inda suka sha wutar."